Kwamfuta Ba Da Tsafi Take Tashi Ba

Shugaban taro, malamanmu, da 'yan'uwa ɗalibai na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya, kuma da yawanmu ranar jarrabawar muka fara taɓa na'urar, hannu na rawa. Abin takaici, a hutun da ya wuce mun ziyarci wata makarantar sakandare a yankinmu, muka tarar da kwamfutoci lulluɓe da ƙura, wai sun mutu. Alhali kuwa yawancinsu wuta ce ta ɗauke suna cikin aiki, faifansu ya rikice, aka rasa mai fahimtar baƙin allon da suke nunawa.

Saboda haka muka zo da maganar Linux. Wanda ya fara rubuta shi a 1991, watau Linus Torvalds, ɗalibi ne kamarmu a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, yana ɗan shekara 21. Kyauta ne, kowa yana iya duba cikinsa ya gyara, kuma yana tafiya a kan tsofaffin injinan da Windows 11 ke ƙi, tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025.

To, yaya yake tashi? Ku dubi ruwan Tiga, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba ya isa gonakin Kadawa sai ya bi ƙofa bayan ƙofa. Haka nan in an danna maɓalli, BIOS ko UEFI ne ke fara duba lafiyar kayan injin, sa'an nan ya miƙa ragama ga GRUB. Shi kuma GRUB ya ɗauko zuciyar tsarin, wadda ake kira karnel, ya sa ta a ma'adanar aiki tare da wani ɗan guzuri mai suna initramfs, wanda da shi take gano babban faifai. Daga nan sai ta ta da aiki mai lamba 1, yawanci systemd, uban dukkan sauran ayyuka. In ruwa bai zo gona ba, manomi mai hankali yakan bi magudana ya ga ƙofar da ta toshe.

Wannan bin magudana kuwa da shel ake yinsa, wato allon da ake rubuta umurni, galibi Bash na 1989. Da ls ake ganin fayiloli, da cd ake sauya wuri, df ya faɗi sauran fili a faifai, man kuma ya yi bayanin kowane umurni. Journalctl -b yakan karanto labarin tashin injin tun daga farko. Wanda ya fi amfanar mu, mutanen da ake yawan ɗauke wa wuta, shi ne fsck, mai gyaran faifan da ya rikice, amma kada a yi shi a kan faifan da ke cikin aiki. Rm kuwa, a yi hattara, abin da ya share ba ya shiga kwandon shara.

Shawararmu ita ce, hutu mai zuwa kowa ya sa Ubuntu ko Linux Mint a filashi, ya nemi izinin shugaban tsohuwar makarantarsa, ya fara da injin guda.