Aikin gida yana buɗe basirar yaro

Jawabi domin karanta wa iyaye a cibiyoyin yaƙi da jahilci



Maganar yau a kan yara take, da aikin da suke yi a gida. Kowa ya san aikin nan yana rage wa uwa wahala, yana koya wa yaro ladabi. Amma yana da wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba. Cikin aikin gida basirar yaro take buɗewa, har ya ƙago abin da babu wanda ya nuna masa.

Wurin turmi da murhu

A duba ƴan mata wurin daka. Biyu ko uku sun kewaye turmi suna lugude. Wannan ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, bugu bai ɓaci ba. Waccan ta sa waƙa, ta saka sunan ƙawarta ciki, ta yi wa wata habaici. Babu malamin da ya rubuta musu. Bugun taɓarya ya ba su kiɗa, su kuma suka nemo maganar da ta dace da shi.

Ƙanwarsu tana gefe. Ta ga yadda inna ke girki. Sai ta samo gwangwanin tumatir, ta kafa duwatsu uku, ta tuƙa tuwon ƙasa, ta yi miyar ganye. A idonta ƙasa ta zama garin hatsi, tsakuwa ta zama nama, guntun kara da ta goya ya zama jariri. Wannan ba shirme ba ne. Yaron da ya iya ɗaukar abu ya mai da shi wani abu a zuci, gobe ba zai sha wuya ba wajen duban baƙi a allo ya gane magana ce.

Wurin kiwo da gona

Yaro ya kora awaki bakin tabki. Suna kiwo, shi yana zaune. Ya ɗebo yumɓu ya gina sa, ya yi masa tozo, ya kafa ƙaya biyu a madadin ƙaho. Kafin ya gina shi, sai da ya ƙare wa sa kallo. Bayan girbi ya fere karan dawa ya haɗa amalanke ko mota, har da ƙafafun da ke juyawa. In ƙafa ta karye, ya sake dabara. Mai tsaron gona kuma ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya ja daga inuwa, tsuntsaye su watse.

Masu ginin tukwane na Mirriya, da dukawan Damagaram, da masu saƙar tabarma na Madawa, yawancinsu a gida suka fara: miƙo wannan, riƙe wancan, har hannu ya faɗa.

Da dare, wurin ɓarar gujiya, kaka tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko kacici-kacici. Hannu yana aiki, kunne yana saurare. Washegari yaro ya maimaita wa abokansa, ya ƙara nasa. Nan yake koyon jera magana daga farko har ƙarshe.

Mi ya kawo haka?

Dalili ukku ne. Na ɗaya, aikin da hannu ya saba da shi, kamar shara ko surfe, ba ya cinye hankali, sai tunani ya samu fili. Na biyu, yaro yana taɓa kaya na gaske: ruwa, yumɓu, kara, kaba, igiya. Yana gane wanda ke lanƙwasa da wanda ke karyewa. Na ukku, yana kusa da manya, yana kwaikwayonsu, yana jin maganarsu.

Amma aiki yana da iyaka

Aikin da ya fi ƙarfin yaro ba ya buɗe basira, kashe ta yake yi. Bido mai lita 25 in ya cika ruwa, nauyinsa kilo 25 ne. Wannan ba kayan ƴar shekara bakwai ba ne. Yarinyar da ta tashi tun asuba zuwa rijiya, ta wuce neman icce, ta ɗauki talla har dare, ba ta da sauran ƙarfin waƙa ko karatu. In ta shiga aji, barci take yi. Kuma sau da yawa ɗiya mace ce ke ɗauke da wannan nauyi, ƴan uwanta maza suna wasa.

A shekarar 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da yarjejeniya kan haƙƙin yara, Nijar ta amince da ita a 1990. Yarjejeniyar ta ba yaro haƙƙin hutu da wasa, ta kuma hana a sa shi aikin da zai cuci lafiyarsa ko ya hana shi makaranta.

Abin da ya kamata iyaye su yi

A ba kowane yaro aiki daidai ƙarfinsa. Ƙarami ya ba kaji dusa, ya ƙirga awaki da maraice. Babba ya yi ban ruwa a garka.

A raba aiki tsakanin maza da mata.

In yaro yana waƙa ko surutu shi kaɗai cikin aiki, a ƙyale shi, muddin aikin yana tafiya.

In ya kawo san yumɓu ko motar kara, kada a taka, kada a ce ɓata lokaci ne. A karɓa a duba, a tambaye shi yadda ya yi.

In ya kawo wata dabara, a bar shi ya gwada. In ya yi kuskure, a nuna masa, ban da bulala. Yaron da ke tsoron duka ba ya gwada sabon abu.

Lokacin makaranta kuwa na makaranta ne. Ruwa da icce su jira a tashi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don kada ya karye. Allah shi raya mana zuri'a, shi yi musu albarka.