Zakaran da ya ajiye mota saboda ruwan sama

Yau labarin Niki Lauda ne, ɗan Ostiriya, gwanin tseren motoci na Formula 1. A 1976 motarsa ta kama da wuta a Jamus, fuskarsa ta ƙone. Mako shida sai ga shi ya dawo. A tseren ƙarshe, a Japan, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Zagaye biyu ya yi ya ajiye motar, don a ganinsa rai ya fi kofi. James Hunt ya ɗauke kambun da tazarar maki ɗaya tak. A 1977 Lauda ya karɓo abinsa.

To, kai mai lodin shanu da damina, in direba ya ce a dakata, kada ka matsa masa. Kasuwa za ta sake ci.