Ƙibar Yara da Ciwon Gaɓoɓi: Lacca ga Jama'ar Tasawa da Mayahi

Ya ku iyayenmu sarakuna, malamai, da ma'aikatan kiwon lafiya, na san a cikinku akwai wanda zai ce a ransa: ina ruwan Tasawa da Mayahi da maganar ƙiba, alhali ƙasar Maraɗi ta sha wuyar tamowa, musamman a shekarar 2005, bayan da fari da fara suka cinye amfanin gona, har aka riƙa kai yara dubbai cibiyoyin jinya? Mai wannan magana yana da hujja. Sai dai wannan masifa ta bar mana wata fahimta a zukata, domin uwar da ta taɓa ganin an ɗaura wa ɗanta ma'aunin dantse ya nuna ja, ba za ta kalli kumatun yaro da tumbinsa ba face ta yi hamdala, ta ce lafiya ta samu.

To, ƙiba dabam, lafiya dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara da matasa miliyan 160, 'yan shekara 5 zuwa 19, suna fama da ƙiba mai illa, kuma abin da ya fi shafarmu shi ne, yaron da ya tsumbure a yarintarsa saboda ƙarancin abinci, idan daga baya ya faɗa wa lemon kwalba da alawa da taliyar leda da fanke, ga shi kuma babur ke kai shi makaranta ya maido shi, jikinsa ya fi saurin tara kitse a kan ƙashin da bai samu ginuwa ba. A ƙauyukan Gulbin Kaba, inda yaro ke kiwo da ɗebo ruwa, abin da sauƙi. A gidajen masu hali na cikin gari ne ya kamata a sa ido.

Bari in tsaya a kan ƙashi, don nan mas'alar take. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi mai taushi wanda daga gare shi tsawo ke fitowa, ba ya kuma ƙeƙashewa sai bayan balaga. A kowane taku gwiwa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki, saboda haka idan nauyin ya wuce kima, sai guringuntsin ƙwauri ya danne ta gefen ciki, ƙafa ta lanƙwashe kamar baka, cutar da likita Walter Blount na Amurka ya bayyana a 1937. Wadda ta fi wannan hatsari ita ce zamewar kan ƙashin cinya a cikin ƙugu, wadda takan sami yara masu ƙiba gab da balaga, kuma yaudararta ita ce sau da yawa yaron gwiwa zai ce tana masa ciwo, alhali illar tana ƙugu. Sai a ce sanyi ne, ko lalaci, a shafa man zafi, ko a kai shi wurin mai ɗori a murɗa ƙafar, ƙashin kuwa yana ƙara zamewa.

Shari'a ta hana israfi a ci da sha, ta kuma sanya yaro amana a wuyan mahaifansa, amma ban zo in ce a hana yaro abinci ba, Allah ya kiyaye. Tuwon gero da miyar kuka, wake, zogale, fura da nono ba tare da an cika sukari ba, su ne abincinsa; a kuma bar shi ya yi langa da kokawa da ƙwallo da yamma. Roƙona ga ma'aikatan lafiya shi ne, ma'aunin dantse an yi shi ne don gano ramammu, don haka a riƙa haɗa awon nauyi da na tsawo. Duk yaro mai jiki da ya fara ɗingishi, ko tafin ƙafarsa ya juya waje, a hana shi taka ƙafar, a tura shi asibitin gunduma ko na Maraɗi a ɗauki hoton ƙugunsa duka biyu, ko da gwiwa kaɗai yake kuka da ita.