Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Sashen Lissafi: Tafarkin Farfesa Iya Abubakar



Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe. Shugaban tsangayar kimiyya, shugaban sashen lissafi, shehunnan malamai, iyayenmu maza da mata da kuka baro gidajenku tun da asuba, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, ina yi muku barka da ganin wannan rana.

An nemi in yi magana a kan rayuwar malamin lissafi na jami'a, kuma ban ga wanda ya fi dacewa in ɗora zancen a kansa ba kamar Farfesa Iya Abubakar. An haife shi a 1934 a Belel, can ƙasar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Daga nan ya zo kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda yau muke kira Barewa, sannan ya wuce Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A lokacin ita kaɗai ce makarantar da ke ba da digiri a Najeriya, ita ma ɗin a ƙarƙashin Jami'ar Landan take, kuma 'yan Arewan da ke cikinta ba su taka kara sun karya ba. Ya karanta lissafi, ya fito da daraja ta ɗaya, ya tafi Kambirij a Ingila ya yi digirin digirgir.

Mutane da yawa sun san sunansa, amma kaɗan ne suka san abin da ya bincika, don haka ku ba ni dama in ɗan tsaya a nan. Idan ƙasa ta girgiza, ko aka fasa nakiya a cikinta, motsin yakan ratsa duwatsu ya yi ƙasa har ya ci karo da iyakar da ke tsakanin wani shimfiɗen dutse da wani, sai wani sashe ya wuce, wani ya dawo. In da iyakar nan shafaffiya ce sumul, da lissafin dawowar bai fi ƙarfin ɗalibin shekarar ƙarshe ba. To amma cikin ƙasa ba haka yake ba. Iyakar tana da tudu da kwari kamar kwanon rufi, kuma motsin kansa iri biyu ne: akwai mai matse dutse ya sake shi, akwai mai kaɗa shi gefe da gefe. Da zarar sun bugi wuri mai gargada sai su warwatsu, wani ma ya rikiɗe ya koma ɗan'uwansa. Wannan warwatsuwa ita ce Iya Abubakar ya zauna ya lissafa, mujallun kimiyya suka buga sakamakon a farkon shekarun 1960. Irin wannan ilimi ne masu nazarin girgizar ƙasa da masu neman man fetur suke dogara da shi wajen gane abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ba tare da sun haƙa ba. Ku tuna kuma, yawancin aikin da takarda da alƙalami aka yi shi, shafi bayan shafi.

Kada wani ya ce muku lissafi baƙo ne a ƙasar nan. Tun a 1732 Malam Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara hatimi, inda kowane layi na lambobi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Abin da aka rasa a zamanin Iya Abubakar shi ne sashen lissafi na jami'a a Arewa wanda 'ya'yanta za su riƙe da kansu.

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, akasarin malamanta Turawa. Mutumin da Kambirij ta yaye, wanda Jami'ar Mishigan ta Amurka ta gayyata ya koyar, yana da inda zai je in ya so. Ya zaɓi Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya zama farfesa yana matashi, ya shugabanci sashen lissafi shekara da shekaru, kuma cibiyar kwamfuta ta jami'ar sunansa take ɗauke da shi. A ganina waɗannan shekaru su ne ƙashin bayan tarihinsa.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A 1975 ya gaji Farfesa Ishaya Audu a shugabancin jami'ar. A 1978 zanga-zangar ɗalibai ta ɓarke a faɗin ƙasa saboda ƙarin kuɗin abinci da na kwana, ana neman a sauke kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayukan ɗalibai a Zariya, Allah ya jiƙansu, kuma a shekarar ya bar kujerar. Ya riƙe ma'aikatar tsaro da ta harkokin cikin gida a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, sannan ya wakilci Adamawa ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007.

Ba na raina wannan hidima, ƙasa ce ta kira ya amsa. Amma ina faɗa da zuciya ɗaya cewa abin yana yi mini ciwo yadda muke ɗauke haziƙanmu daga gaban allo da zarar sun yi fice. Ana iya naɗa minista a wuni ɗaya. Malamin da zai iya duba aikin mai digirin digirgir kuwa sai an shekara goma ko fiye ana rainonsa, kuma idan ya tafi, ɗaliban da za su fito ta hannunsa sun tafi tare da shi.

'Ya'yana, kun ga aikin nan da idonku. Kun ga malami ya shiga ajin 'yan shekarar farko, ɗalibai ɗaruruwa, wasu a tagogi, ya rubuta har alli ya ƙare a yatsunsa. Kun ga an dawo muku da takarda an ja jan layi a sadara ta uku, an rubuta a gefe cewa a nan hujjar ta karye, domin kun raba da abin da zai iya zama sifiri. Wani ya zauna cikin dare ya bi aikinku sadara-sadara kafin ya gano wurin. Wannan ita ce sana'ar, kuma a haka ake gadonta.

Bayan hidimar ƙasa, bankuna za su neme ku, kamfanonin sadarwa za su neme ku, kuma babu laifi ku je, iyayenku sun jira. Roƙona shi ne a cikinku a samu ko da biyar da za su dawo su yi digiri na biyu da na uku su karɓi allin nan, kuma ina so a cikinsu a ga mata. Hukumar jami'a kuma, ranku ya daɗe, ku buɗe musu gurbin ƙananan malamai tun kafin wasu su riga ku. Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku suka ce za su tsaya koyarwa, ku sa musu albarka.

Allah ya yi wa karatunku albarka, ya saka wa malamanku da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.