Tsari Kafin Jari: Lacca a kan Ƙananan 'Yan Kasuwar Birnin Gwari



An umarce ni in yi magana a kan yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai tsara sana'arsa don ya ga albarkar guminsa. Na zaɓi in ɗora maganar a kan Birnin Gwari, domin can ne aka ga iyakar abin da zai iya samun kasuwa idan zaman lafiya ya yi ƙaura. Ƙasa ce mai albarkar masara da dawa da waken suya, ga dabbobi, ga zinariya, ga dajin Kamuku da aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na tarayya a 1999. Amma 'yan bindiga sun yi shekaru suna tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa, har kasuwar shanu, watau kara, ta yi kusan shekara goma a rufe. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Sai a watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar bayan sulhun da aka yi.

To, wanda ya koma rumfarsa bayan irin wannan wahala, galibi da ɗan guntun jari ya koma, sau da yawa ma na aro. In ka tambaye shi abin da ya fi bukata, zai ce maka kuɗi. Ni kuwa na ce akwai abin da ya riga kuɗi, shi ne tsari, kuma tushen tsari littafin lissafi. Jarin da ba a rubuta shigarsa da fitarsa kamar ruwa ne a kwando.

Abu na farko da littafi zai yi wa ɗan kasuwa shi ne ya raba masa uwa da riba. Bari mu ƙaddara wani mai hatsi ya sayi buhun masara a Kuyello a kan naira 30,000, ya kai Kaduna ya sayar naira 35,000. Yana dawowa zai ce ya ci ribar 5,000, ya yi cefane da ita. Alhali kuwa ya biya 500 na buhu da ɗinki, 2,500 na mota, 400 na 'yan dako, 600 na la'adar dillali da kuɗin kasuwa. Ashe ribarsa 1,000 ce, sauran 4,000 ɗin da ya kashe uwar kuɗi ya gutsura. Daɗin daɗawa, idan kafin ya koma ƙauye buhu ya kai 31,500, to ko wannan 1,000 ɗin ma ba tasa ba ce, domin abin da ke hannunsa ba zai mayar masa da buhun da ya sayar ba. Haka ta faru ga mutane da yawa bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, lokacin da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi: kuɗi suna ƙaruwa a aljihu, kaya suna raguwa a rumfa. Saboda haka ainihin riba ita ce abin da ya yi saura bayan an mayar da kayan da suka fita.

Daga nan sai a raba aljihun shago da aljihun gida. Mai shago ya yanka wa kansa abin cefane na kowace rana ko kowane mako, kamar yadda ake yanka wa ma'aikaci albashi, ya rubuta, kada ya ƙetare. Biki da suna da gudummawar 'yan'uwa hakki ne a al'adarmu, ba mai cewa a bar su, sai dai a yi musu tanadi daban, ko da ta hanyar adashi.

Abu na biyu shi ne bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a garin da kowa ya san kowa, wanda ya ce ba ya ba da bashi ya kori masu saye. Amma fa mu tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ke nan rubutu ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne. A ware wa kowane mai karɓar kaya shafinsa: suna, rana, abin da ya karɓa, ranar biya. A kuma sa iyakar da bashin kowa ba zai wuce ba. A shekarun tashin hankali mutane da yawa sun yi gudun hijira, wasu sun rasu, magada kuwa ba su san abin da ake bin mamaci ko abin da yake bi ba. Shafi guda da ya raba wannan gardama.

Abu na uku shi ne lokaci. Kasuwancin ƙasar noma da shekara yake tafiya: hatsi yana araha da kaka, yana tsada da bazara da tsakiyar damina, taki da iri ana nemansu kafin ruwa ya sauka, raguna kuwa gab da babbar salla. Wanda ya rubuta farashi kowane mako na shekara guda ya mallaki ilmin da ba a sayarwa a kasuwa. Zai san lokacin saye da lokacin saki, in kuma zai ajiye wake, ya san ya kamata ya nemi buhun nan mai ninki uku da ba ya shigar da iska, don kada ƙwari su cinye masa riba a ɗaka. A cikin mako kuma a tsayar da ranar sari, da ranar bin bashi, da ranar ƙidayar kaya. Tafiyar kilomita fiye da 100 zuwa Kaduna ba abin yi ba ce don katan biyu na sabulu. Maƙwabtan rumfa huɗu ko biyar su haɗa saƙo, mutum ɗaya ya tafi, a raba kuɗin mota.

Abu na huɗu shi ne shirin ko-ta-kwana. Katse waya na 2021 ya nuna cewa wanda duk lissafinsa ke cikin wayar hannu yana iya wayar gari ba ya iya tuntuɓar kowa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya nuna akasin haka: wanda ba shi da asusun banki ya zauna da kaya ba mai saye. Hikima ita ce a riƙe duka biyun, takarda da waya, tsabar kuɗi da asusu, kuma kada a tara kaya duka a ɗaki ɗaya, ko a dogara ga mai ba da sari guda.

Wani zai ce iyayenmu sun yi arziki ba tare da biro ba. Gaskiya ne an yi masu kaifin ƙwaƙwalwa, amma ƙwaƙwalwa ba a gadonta, ba a kuma kai ta banki. Hukumar SMEDAN da Bankin Masana'antu da Bankin Manoma, duk wanda ka je wurinsa neman tallafi ko rance, zai so ya ga shaidar cewa sana'ar tana nan tana motsi. Ko zakka ma, ɗaya bisa arba'in na dukiyar ciniki da ɗaya bisa goma na amfanin gonar damina, ba ta fita daidai sai da ƙidaya. Turawa ma da haka suka fara: a 1494 wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya buga bayanin yadda fataken ƙasarsu ke rubuta shiga da fita, kuma a kan wannan ƙa'ida akantoci suke aiki har yau.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Yawancinmu da kuɗin rumfa da na gona aka biya mana makaranta, da ribar ƙosai da ƙuli-ƙuli na iyayenmu mata. Idan an yi hutu, kowannenmu ya sayi littafi mai layi, ya ja masa gida huɗu: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Ya zauna da mahaifinsa ko yayarsa bayan sallar isha'i, minti goma kawai, a rubuta cinikin ranar, da boko ko da ajami, wanda mai shagon ya fi ganewa. Kada mu je da girman kai. Su suka san kasuwa, mu alƙalami kawai muka kawo. Kafin hutu ya ƙare a koya wa wani ƙane ya ci gaba. Ku kuma ma'aikata, in ɗan kasuwa ya zo ofishinku neman rajista ko takardar haraji, ku sallame shi da wuri, domin yinin da ya ɓata a kan bencinku yinin ciniki ne.

Buɗe kasuwa aikin hukuma ne, kuma an buɗe. Raya ta kuwa sai masu rumfa da 'ya'yansu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu.