Mai Hoto a Bakin Turke

 

Yau hirar hotuna za mu yi, a rediyo kuwa, inda ba a ganin komai. Sai ku yi haƙuri, kunne ya yi aikin ido.

Ina yaro a nan Ribah akwai wani kawuna tsohon soja. Kun dai san ƙasarmu ta Zuru, da wuya ka wuce gida uku ba ka tarar da wanda ya taɓa sa kaki ba. Kawu yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ciki akwai takardar sallamarsa, da bel ɗinsa, da wani yankin jarida da ya tsufa har ya koma ruwan ƙasa. Hoton mutum ne an ɗaure shi tamau a jikin turke, ga ganguna a bayansa, shi kuwa sai murmushi yake yi kamar ango. Na ce, "Kawu, wannan me yake yi wa dariya?" Ya ce, "Yaro, mai hoto ya gani."

Mutumin nan Ishola Oyenusi ne, ɗan fashin da ya addabi Legas har ake ce masa Dakta. Bayan yaƙin basasa bindiga ta yi yawa a hannun mutane, fashi ya zama ruwan dare, sai gwamnatin Janar Gowon ta kafa doka a 1970: wanda aka kama da laifin fashi da makami, harbi ne hukuncinsa. Ran 8 ga Satumba 1971 aka kai Oyenusi da yaransa bakin teku, wurin da ake kira Bar Beach, dubban mutane suka yi cincirindo kamar ranar hawan salla. Gwamnati ta gayyaci jama'a da 'yan jarida ne don a gani a ji tsoro. Amma abin da ya zauna a zukatan mutane murmushin nan ne. Fashi kuwa bai tsaya ba. Shekara goma sha shida bayan haka, a 1987, aka ɗaure wani ɗan fashin, Lawrence Anini, a turke a Benin.

Wannan sana'a ta ɗaukar hoton ɗan ta'adda da gawarsa, Amurkawa ne suka fi kowa ƙwarewa a kanta. A 1882 aka harbe Jesse James, ɓarayin banki da jirgin ƙasa ba su da uban da ya wuce shi. Yaronsa ne ma, Robert Ford, ya harbe shi ta baya don kwaɗayin tukuici. Kafin a binne shi masu hoto sun ɗauki gawar, suka buga kati-kati suna sayarwa. Shekara goma bayan nan, a garin Coffeyville, 'yan fashin gidan Dalton suka shiga fasa banki biyu a lokaci guda, mutanen gari suka yi musu rubdugu. Aka jera gawa huɗu, aka ɗora bindiga a kansu, aka kira mai hoto.

Ku ji kuma inda son hoto ya kai wani. A 1928 za a kashe wata mata, Ruth Snyder, a kujerar lantarki a kurkukun Sing Sing saboda kisan mijinta. An hana shiga da kyamara. Wani ɗan jarida, Tom Howard, ya ɗaure 'yar ƙaramar kyamara a idon sawunsa, wando ya rufe ta, ya zura waya ta cikin tufafinsa. Ana sakin wuta ya ɗaga ƙafar wando ya latsa. Washegari hoton ya cika shafin farko na jaridar Daily News. Allah ya kyauta.

Amma na fi son mu daɗe a kan Bonnie Parker da saurayinta Clyde Barrow, domin su ba su jira wani ya ɗauke su ba. A 1933 'yan sanda suka kai samame maɓoyarsu a garin Joplin, suka tsere, suka bar fim ɗin da ba a wanke ba. Da aka wanke, sai ga Bonnie ta ɗora ƙafa a gaban mota, bindiga a ƙugu, sigari a baki. Wasa suke yi a tsakaninsu. Jaridu suka buga, nan da nan 'yan fashin kantuna da gidajen mai, waɗanda suka kashe 'yan sanda da talakawa, suka zama taurari. An yi musu kwanton ɓauna a Mayun 1934, aka yi wa motarsu ruwan harsashi, amma har gobe hoton sigarin nan ake tallatawa. Waɗanda suka kashe fa, wa ya san fuskarsu? Shi kuma Billy the Kid, wani ɗan ta'addan Amurka, hotonsa ɗaya tak da kowa ya yarda nasa ne, a 2011 aka saye shi dala miliyan biyu da dubu ɗari uku.

To, mu dawo gida, domin mu ma kyamara ta tsaya a kan gawarmu, kuma a nan sai an yi hattara da kalmar "ɗan tawaye". A Afrilun 1900 Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri, suka yanke kansa, aka ɗauki hotonsa, ya zaga har Faransa. Rabe dai mutanen Borno sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa. Amma a Yulin 1903, a Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne ya faɗi yana kan hanyar hijira, kuma masana tarihi sun rubuta cewa Turawan Ingila sun yanke kansa, sun yaɗa hoton don kowa ya san zance ya ƙare. Su suka riƙe kyamara, su suka raɗa masa suna ɗan tawaye. Mu shahidi muke ce masa.

Yanzu kuwa mai hoto mai lulluɓa baƙin ƙyalle ya tafi, kowa da kyamararsa a aljihu. Mu mutanen Danko/Wasagu ba sai an ba mu labari ba. A Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a ƙauyukanmu. Kafin a gama jana'iza hotunan gawarwaki sun riga sun shiga waya, wata uwa a nan take fara ganin ɗanta. Su kuma na daji sun bi sawun Bonnie: rawani, tabarau, bindiga a kafaɗa, damin kuɗi a cinya, suna ɗora bidiyo a TikTok. Ran nan a tashar mota na ga samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon irinsa. Ɗaya ya ce, "Kai, dubi agogonsa!"

Lokaci ya cimma mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je Satiru, kusa da Sakkwato, mu ji abin da ya faru a 1906.