Keke a Hanyar Dallol Mawri



Yau zancenmu na keke ne. Manomin Tibiri, ka sari rake a fadamar Dallol Mawri, za ka kai shi Kore Mairuwa, bakin kwalta. Hanyar ƙauye akwai tsakuwa, akwai ƙaya. Kafin ka tashi, gwada birki, ka latsa taya. Ɗauki famfo da kayan faci da goran ruwa. Ɗaure rake daidai, kada nauyi ya koma gefe guda. In ka iske rairayi, sauka ka tura.

In taya ta sace a daji babu kayan faci, kasuwa za ta watse ba ka isa ba, wahalarka ta tashi banza.

Allah shi kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.